Ɗan Gurguzun Madawa

Kafin kalmar gurguzu ta shiga bakin ƴan siyasa da masu fassarar labaran rediyo, a madafa take zaune. Gurguzu ƴaƴan yakuwa ne, waɗanda mata ke dafawa su rufe su har su zama daddawa. Ƙwaya ɗaya ba ta gyara miya, kuma ba a bambanta ta da ƴar'uwarta. Ba wuya a ga yadda ma'anar ta miƙe zuwa taron da ba a ware na wane da na wane, har aka ɗora mata nauyin akidar Karl Marx.

A Madawa akwai wani tsohon tela, haifaffen ƙasar Buza, wanda unguwarsu ke kira ɗan gurguzu yau fiye da shekara sittin. Sunan ya fara a matsayin zagi. Yana yaron shago aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, lokacin da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce wa Faransa a'a. Direbobi da teloli da ƴan ƙwadago su ne ƙashin bayanta, don haka a bakin keken ɗinki ya yi karatun siyasarsa. An haramta jam'iyyar a 1959. A 1964 mayaƙanta, waɗanda wasunsu suka sami horo a Sin da Aljeriya, suka tsallako iyaka, aka murƙushe su, kame ya biyo baya. Bai taɓa riƙe bindiga ba, amma ya yi watanni a tsare, domin an san waɗanda yake yi wa ɗinki.

Bai karanta Marx ba. Abin da ya fito da shi daga wannan zamani tambaya ce guda: wa ya yi aikin, wa ya ci amfanin? A kanta ya gina zamansa da mutane. Yaran shagonsa sun san kuɗin kowace riga, kuma a gabansu ake raba shi.

Limamin unguwa, amininsa tun ƙuruciya, ya sha tuna masa cewa gwamnatocin gurguzu sun rufe masallatai, sun kashe mutane ba adadi. Telan ba ya musu, ba ya kuma rasa sahun farko.

"Malam," in ji shi, "wanda ya rufe masallaci zai amsa tambaya. Wanda ya rufe rumbu a shekarar yunwa ma zai amsa."

Ya fi yin gardama da masu cewa kakanninmu sun riga Turawa gurguzu, tunda suna da gayya da gandu. A ganinsa kalmomin ba ɗaya suke ba. Gayya ana taruwa a yi noma tare, amma wanda ya fi iya ciyar da taro shi ke kiran babbar gayya, kuma hatsin rumbunsa yake shiga. Gandu kuwa kowa na noma, mai gida kaɗai ke da ikon buɗe rumbu. Misalin da ya fi so shi ne na kwarin Majiya, inda tun 1975 aka dasa layukan dogon yaro don tare iska, da tallafin ƙungiyar CARE. Da itatuwan suka isa sara, sai tambayarsa ta taso da kanta: itacen na mai gonar ne, ko na waɗanda suka dasa suka yi tsaro?

A farin 1984 aka jarraba shi. Yana da rumbu biyu na gero a ƙauyensu. Ya buɗe su, ya auna wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa, nasa gidan ma da wannan mudu. Kafin damina iyalinsa sun koma cin abinci sau ɗaya. Babban ɗansa ya bar lakkwal ya tafi ci-rani Abijan, bai sake komawa aji ba. Har yau idan ana yabon tsohon a gabansa, yakan tashi ya bar wurin.

A shekarar nan kuma aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abinci. Da yake maza sun tafi ci-rani, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka a gefen tsaunuka. Ƙanwarsa da ke aure can tana cikinsu. Da ya kai mata ziyara ya ga faƙo ya fara fitar da ciyawa, sai ya ce ga gurguzu nan ya gani da idonsa.

"Yaya," ta ce, "idan ƙasar ta warke, gonar wa za ta zama? Kai ma da ka buɗe rumbu, ka tambayi matarka? Ba tare kuka nome shi ba?"

Bai sami amsa ba. Tambayar da ya shekara ashirin yana yi wa sarakuna da attajirai ce aka mayar masa, a cikin gidan ƴar'uwarsa. Ya gane cewa ranar da ya fi alfahari da ita, a matsayin mai gandu ya yanke hukunci, shi kaɗai, a kan gumin mace da makomar yaro.

Yanzu idonsa ya daina ganin kafar allura, jikoki ke zura masa zare. Matasa kan zauna a shagon su tambaye shi ko ya yi nadama, tunda Tarayyar Sobiyat ma ta rushe tun 1991. Yakan ce shi bai taɓa zuwa Mosko ba, kuma da yunwar za ta dawo zai sake buɗe rumbun. Sai dai wannan karon zai tara iyalinsa tukuna, a auna tare, ko da za su rinjaye shi. Ɗansa bai ji wannan magana daga bakinsa ba har yanzu. Tsohon ya ce yana jiran ya zo gida da Babbar Sallah.