Ƙauyen Kaka a Bangon Ɗaki

Yi wa bango ado ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa shiga birnin Zariya ko Kano ya ga dagi da sauran zane-zanen magina a fuskar gidaje da fadar sarki. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai duwatsu masu hotunan shanu waɗanda mutanen dā suka zana tun ba a san fentin gwangwani ba. Iyayenmu mata ma a ƙauye sukan shafe ɗaki da farar ƙasa, su ja masa layi da jar ƙasa. Mu kuwa yau, sai mu shafa fenti launi ɗaya, mu rataya kalanda, shi ke nan.

Abin da ya komar da mu ga wannan tsohuwar al'ada shi ne 'yarmu mai shekara 6. Da aka haifi ƙanenta, ya zama dole ta koma nata ɗakin. Yarinya ta ce atafau ba za ta kwana ba. Kullum da tsakar dare sai mu ji ta a bakin ƙofarmu tana kuka, wai bango yana kallonta. Da safe kuma ta tafi makaranta tana gyangyaɗi, har malamarta ta aiko a tambaye mu ko lafiya. Mun yi lallashi, mun bar mata fitila, duk a banza. Ran nan muka ce da ita, to, me kike so bangon ya nuna miki? Ta ce, "Gidan Kaka." Sau biyu kawai ta taɓa zuwa ƙauyenmu, amma ba ta manta da rumbu da zabi ba.

Da yake a gidan malamai muke zaune, sai da muka nemi izinin hukumar makaranta tukuna. Muka jira hutun Kirsimeti, domin a lokacin hunturu bango a bushe yake, fenti kuma ba ya daɗewa bai sha iska ba. Muka sayi fentin ruwa, muka bar na mai, saboda na mai yana da wari, sai da kananzir ake wanke burushinsa, kuma akwai irinsa da ake sa wa dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Idan fenti mai dalma ya tsufa ya fara ɓarewa, yaro yana iya kai shi baki, ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Ƙananan gwangwanaye biyar suka ishe mu: fari, baƙi, ja, shuɗi da rawaya. Shuɗi da rawaya suka ba mu kore na ganye. Ja da rawaya suka ba mu ruwan lemo na faɗuwar rana. Da muka ɗiga baƙi kaɗan a cikin wannan, sai ga ruwan ƙasa na rumbu. Mun fara zana hoton a takarda, muka raba ta gida-gida da rula, sa'an nan muka ja manyan gidaje a bango da alli, muka kwafe kowane gida a nasa wurin. Dabarar da muke koya wa ɗalibai ce wajen ƙara girman taswira, ba sai mutum ya zama gwanin zane ba.

Kwana huɗu muka yi muna aiki, taga a buɗe, tsofaffin jaridu a shimfiɗe a ƙasa. Muka fara da sama, muka sauko kan itacen kuka, rumbu biyu, rafi da akuya. Daga gwiwarmu zuwa ƙasa kuwa rabon yarinyar ne. Zabinta sun fito da ƙafa uku-uku, ba mu gyara ba. Tana shafawa tana tambayar sunan kowane abu da harshen garinmu, wanda har yanzu bai zauna a bakinta ba. Bayan wari ya fita ta shiga ɗakin. Daren farko ta taso sau ɗaya. Kafin a koma makaranta ta daina tasowa, sai dai mu ji ta tana yi wa zabi sai da safe.

Ya ku iyaye da 'yan'uwa malamai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin da muka kashe bai taka kara ya karya ba, amma kwanakin nan huɗu sun koya mana abubuwan da yarinyar take tsoro da waɗanda take ƙauna. Ku kuma ɗalibai, hutu yana tafe. Ku nemi izinin iyayenku, ku tambayi ƙannenku abin da suke son gani, ku ba su burushi su ma su sa hannu. Idan gidan haya ne kuma mai gida bai yarda ba, falankin katako ko bayan kwali ma ya isa. Allah ya ba mu hutu lafiya.