Ranar Da Na Ga Bikin Buɗe Buhu A Sule Tankarkar

Biki ne ya kai ni Sule Tankarkar a bazarar da ta wuce, amma ba shi na dawo ina ba da labari ba. Daga Kano muka sauka a Gumel, muka canza mota. Garin na cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, tare da Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa, can arewacin Jigawa daf da iyakar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da wake da riɗi da zoɓo. Gonaki duk sun bushe a lokacin, sai itatuwan gawo tsaye shar da ganye, kamar ba su san ana rani ba.

Washegarin ɗaurin aure Gwaggona ta ce, "Ɗauko mayafinki, yau ake buɗe buhu." Na ɗauka rabon kayan tallafi ne. Ashe wake ne da mutanen ƙauyen suka ƙulle da hannunsu tun bayan kaka, a gaban malamin gona, aka ajiye wata biyar ba wanda ya taɓa.

A gindin wata bishiya aka taru, maza gefe, mata gefe, yara sun cika tsakiya. Aka fara kwance buhun da aka saba, wanda ba a sa masa komai ba. 'Yar uwa, waken ya huje, rabinsa gari, ƙwari na tashi. Sai aka kwance ɗayan, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Wake ya zubo a tabarma fes, kamar jiya aka sussuke shi. Mata suka ɗau guɗa. Gani ya kori ji.

Wata tsohuwa ta damƙi waken ta shinshina, ta ce, "Malam, faɗa mana gaskiya, wane magani kuka zuba?"

Ya ce, "Inna, ai a gabanki aka ɗaure. Ba magani ko ɗigo. Ƙwaro ma numfashi yake yi kamar mu. In aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu."

Wannan buhu shi ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samo dabarar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka shiga yaɗa ta a Afirka ta Yamma daga 2007. A Nijeriya cibiyar IITA da malaman gona na jihohi suka kai ta ƙauyuka, a Nijar kuma masu bincike na INRAN a Maraɗi. Hikimarsu ita ce ba su tsaya ga lacca ba. Sun bar manomi ya ƙulle da kansa, ya buɗe da kansa, a bainar jama'a.

Abin ya taɓa ni ne saboda tukunyata. Nawa ne a cikinmu ke sayen wake a kasuwa, mu yi wa yara alala ko ƙosai, ba mu san an yayyafa masa fiya-fiya ba? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Wanda suka ƙi, a cikin 'ya'yanmu yake ƙarewa.

A ƙasashen waje akwai bukukuwan kimiyya, inda masana ke fitowa daga ɗakunan bincike su zauna da jama'a. Birnin Edinbura na Birtaniya na yin nasa tun 1989, UNESCO kuma ta ware 10 ga Nuwamba a matsayin ranar kimiyya ta duniya. Da can ina ganin wannan harkar Turawa ce. A gindin bishiyar nan na gane cewa namu ya daɗe da samuwa, sunan ne kawai ba mu ba shi ba.

Kuma ilimin ba gefe ɗaya yake gudana ba. Da aka koma hirar ƙasa da ta gaji, tsohuwar nan ce ta karɓe zancen. Ta ce geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su bar kashi. Malamin ya ciro biro yana rubutawa. Ya ce bincike ya tabbatar da maganarta. A tsallaken iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suna sassabe su suna rainonsu, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa saboda kwararowar hamada.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Matan da suka fito yawanci tsofaffi ne da zawarawa. Matan aure, waɗanda su ne masu ajiyar wake da dafa shi, suna cikin gida, sai labari ya iske su. Da za a samu malamar gona mace ta shiga gida gida, ko a buɗe buhu ɗaya a makarantar Islamiyya ta matan aure, da an gama rabin aikin.

Ga tsarabar da na kawo miki, uwargida. Wake ya bushe ƙayau kafin a zuba. A duba leda ko ta huje. A matse iska, a ɗaure kowane riɓi shi kaɗai. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum, a ware na ci daban. In kuma waken kasuwa na warin magani, a bar shi, komai arharsa.

Ni dai na dawo Kano da kwano biyar na waken Gwaggo, na dafa ba fargaba. Ke fa, yaya kike ajiye naki?