Kawu ya rufe shagonsa na Kwangila, kuma da sunana a littafin bashi

1/ Ranar Asabar ɗin da ta wuce na taya Kawuna kwashe kayan shagonsa na Kwangila. Ya rufe, rufewa ta gaba ɗaya. Tun ranar abin yake cina a rai, don akwai hannuna a ciki. Ku yi haƙuri, zaren zai ɗan yi tsawo. 🧵

2/ Ga wanda bai san Zariya ba: Kwangila ita ce inda titin Kaduna zuwa Kano ya haye ta saman gada, hanyar Samaru da Shika da Funtuwa ta bi ta ƙasa. Tasha ce kuma kasuwa. Duk wanda ya yi ABU ya san ƙurar wurin da ihun 'yan kamasho.

3/ Amma ba a nan Kawu ya fara ba. A Tudun Wada ya fara, zamanin Babangida, dab da tsohon asibitin koyarwa. Shagon tireda ne: madara, sukari, ganyen shayi, sabulu, filas, bokiti, tabarma, buta. Duk abin da mai jinya zai nema in dare ya same shi a Zariya.

4/ Lokacin daga Ikara, Soba, Maƙarfi, Funtuwa har Gusau ake kawo marasa lafiya. Mai jinya sai ya yi sati uku a gari. Kawu ya buɗe bayan asuba, ba zai rufe ba sai sha ɗayan dare. Da wannan shagon ya gina gida, da shi ya biya mana kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu.

5/ A 2005 asibiti ya koma mazauninsa na Shika. An bar wasu sassa a Tudun Wada, amma manyan ɗakunan kwanciya sun tafi, masu jinya suka bi su. Ina ɗan sakandare na ga yadda layin ya yi sanyi. Masu kemis, masu abinci, masu shayi, ɗaya bayan ɗaya suka naɗe.

6/ Kawu ya daure shekara biyu, sannan ya kama haya a Kwangila. Lissafinsa mai sauƙi ne: mai zuwa Shika ta nan zai bi, ɗalibin da ya sauka daga Kano ko Kaduna nan zai canza mota. Kuma lissafin ya yi. Shekarun farko sai da ya ɗauki yara biyu.

7/ Yana yawan ce mana kasuwar Zariya ba ta zama wuri ɗaya. Yana da gaskiya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna. Daga baya aka ja layin dogo har Kauran Namoda.

8/ Kullum muna cewa "a sauke ni PZ". Mutum nawa ne suka san sunan kanti ne, Paterson Zochonis? Sunan ya rage a bakin 'yan bas. Da jirgi ya yi rauni, ciniki ya koma bin titi. Shi ya sa Kawu ya ɗauka in wuri ya mutu, ka ɗauki kayanka ka bi jama'a, shi ke nan.

9/ To wannan karon jama'a ba su je ko'ina ba. Ka je Kwangila da yamma ka gani, ko wurin taka ƙafa da ƙyar. Sai dai kowa wucewa yake. Manyan motoci ta saman gada, fasinja daga bas ya faɗa Keke. Ruwan leda, burodi, cajin waya, cire kuɗi a POS. Cinikin minti ɗaya.

10/ Abin da ya riƙe shagon Kawu shi ne masu sayayyar wata. Ma'aikacin jami'a, malamin makaranta, nas a Shika, direban tasha. A ɗauki kwanon shinkafa biyar, galan ɗin mai, kwalin taliya, a rubuta, in an yi albashi a biya. Haka aka yi shekara da shekaru ba rigima.

11/ Sai abubuwa suka jeru. 2020 kullen korona, ga yajin aikin ASUU na wata tara a shekarar. 2022 wani yajin, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe albashi. Garin da ɗalibai ke ɗauke da cinikinsa, ka cire su wata takwas, me ya rage?

12/ Farkon 2023 canjin kuɗi. Kawu da ƙaramar wayarsa mai madannai, ga mutane na cewa sun yi taransifa. Sau biyu aka nuna masa alat na ƙarya aka tafi da kaya. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce N1,000.

13/ Ga abin da da yawanmu ba mu gane ba game da tashin farashi. Ka saro kwalin sabulu, ka sayar da riba. Ka koma Sabon Gari ko Singa a Kano sari, sai ka tarar sabon farashi ya fi duk kuɗin da ka tara, uwa da riba. Da goma ka saro, yanzu takwas za ka iya. Wata mai zuwa shida.

14/ Kuɗi na shiga aljihu kullum, kanta na raguwa. Ni da idona na ga Kawu yana jera kwalayen da babu komai a ciki a saman kanta don kada shago ya yi kama da wanda ya mutu. Na yi dariya a lokacin, wallahi. Ban tsaya na yi tunani ba.

15/ Ƙari a kan haka, 'yan sarin da a da suke ba shi kaya sai ya sayar ya biya suka ce yanzu kuɗi hannu. Firiza ta zama akwatin ajiya saboda wuta. Mai shago ya ƙara haya. Su kuma masu sayayya, wa zai biya kuɗin Keke daga Tudun Wada ko Hanwa ya zo sayen sukari alhali ga tebur a ƙofar gida?

16/ Kada in yi masa son kai, shi ma Kawu da nasa. Yara sun yi ta fama ya ajiye POS ya ƙi. Bai taɓa raba kuɗin shago da na gida ba: suna, biki, asibiti, duk daga aljihun tebur. Kuma bai iya cewa a'a ba. 'Ya'yansa maza biyu, babu wanda ya yarda ya zauna shago.

17/ A layinsu kaɗai, mai gyaran rediyo da agogo ya tashi, mai shagon littattafai da kayan makaranta ya tashi, telan da ke ɗinka mana kayan sallah ya koma ɗinki a zauren gidansa. Ɗaya shagon an raba shi uku an zuba masu POS da cajin waya. Na Kawu ma an ce haka za a yi da shi.

18/ Yanzu ga abin da ya sa na yi zaren. Muna kwashe kaya, a ƙasan tebur na ci karo da littattafai huɗu masu baƙin bango, an ɗaure su da roba. Littafin bashi. Kowa da shafinsa, da kwanan wata, da abin da ya ɗauka. Wanda ya biya an ja masa layi.

19/ Na zauna kan benci na haɗa waɗanda ba a ja wa layi ba. Sun haura N1,300,000. Wasu sun rasu, wasu an yi musu canjin wurin aiki. Amma wasu na san su, muna sahu ɗaya a masallaci. Akwai wanda ya sauya mota bara.

20/ Ina cikin jin haushin mutane sai na buɗe wani shafi na ga sunana. Yuni zuwa Satumba 2022. Lokacin shagon hoto da buga takarduna na Kongo ya tsaya cak saboda babu ɗalibai. Shinkafa, mai, taliya, madarar yara. N46,300. Babu layi.

21/ Ba mantawa na yi ba fa, kada in yi ƙarya. Na sani sarai. Kawai na sa a raina ai na Kawu ne, na gida, duk sanda na samu sarari. Na sayi sabuwar waya a tsakanin. Na yi ankon biki biyu. Shi kuwa ko da wasa bai taɓa tuna min ba.

22/ Na ce, "Kawu, ai da kun yi min magana." Ya karɓi littafin ya rufe, ya ce, "Kai ɗana ne, in tambaye ka kuɗin abincin da jikokina suka ci? Na rubuta ne don an ce a rubuta." Ya ci gaba da ɗaure kwali. Ni dai na rasa inda zan sa fuskata.

23/ Washegari na zaga kasuwar Tudun Wada da hoton shafin a wayata, na tambayi farashin kowane abu a yau. Ya kama N118,000 da 'yan kai. Ke nan ko na biya abin da ke rubuce, ko rabin kayan da na ɗauka ba zai mayar kan kanta ba. Yanzu ninka wannan da mutum nawa ke cikin littattafan nan.

24/ Ban zo yin fatawa ba, malamai sun fi ni sanin hukuncin. Na dai sa N118,000 a ambulan na kai masa gida. Ya ƙirga N46,300 daidai, ya ɗauko littafin ya ja layi a gabana. Sauran ya turo min.

25/ Na ce na rantse ba zan koma da su ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in kai wa yaron shagonsa. Shekara tara yana tare da shi, ya yi aure bara, yanzu ba shi da wurin zuwa da safe. Na kai masa. Yana so ya fara ɗan tebur a unguwarsu.

26/ Na san kuɗina ba za su sake buɗe shagon ba. Ko duka bashin aka biya yau, haya da wuta da sari suna nan. Ba ni na cire tallafi ba, ba ni na mayar da asibiti Shika ba. Amma cikin duk abubuwan da suka kayar da Kawu, wannan ɗaya ne yake hannuna, kuma shekaru na yi ina kallonsa.

27/ An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ba shi da shi, Allah Ya hore masa, shi ma Kawu ya ce ya yafe wa irin waɗannan. Maganata da mu ne masu hali, da muke jinkiri don mai shagon yana jin nauyinmu.

28/ In akwai tsohon mai shago a Kwangila, Tudun Wada, Samaru, Sabon Gari ko garinku da sunanka ke littafinsa, je ka a satin nan. Ko ba duka ba, kai wani abu, ka faɗa masa ranar cikon. Kada ka jira sai ka zo ka tarar da kwado a ƙofa.

29/ Waɗanda suka gane shagon da nake nufi kuma suka san da shafinsu: ba zan kira suna ba, Kawu ya hana. Littattafan suna gida, shi ma yana gida, bayan la'asar za ku same shi a ƙofa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon sauke nauyi.