Ciwon Da Ya Zama Malami

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Babu fagen da wannan karin magana ya zauna daram kamar fagen ciwo da likitanci, domin akwai wani ilimi da jinya kaɗai ke koyar da shi. Idan kuwa Allah ya haɗa wa mutum wannan ilimi da na makaranta, to, al'ummarsa ta yi dace da likita. Mun shaidi haka a cikin gidanmu, shi ya sa muka ga ya kyautu mu ba mai karatu labari.

Mu mutanen Kumagannam ne, a ƙaramar hukumar Yusufari da ke arewacin Jihar Yobe, ƙasar rairayi da gero, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. Duk ciwon da ya gagari ɗakin shan magani na gari, sai a nufi Gashuwa ko Nguru da shi. A bazarar 2004 ƙanwarmu, tana da shekara 12, ta kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, ga ci, amma kullum ramewa take yi. Maƙwabta suka yi ta hasashe, wannan ya ce sammu, wancan ya ce iska. Inna ce ta lura kiyashi na taruwa a inda yarinyar ta yi fitsari. Da Baba ya kai ta asibiti a Nguru aka gwada jini, sai aka tabbatar ciwon suga ne, irin wanda ya fi kama yara.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani sinadari mai suna insulin da wata halitta a bayan tumbi ke samarwa, shi ke buɗe wa sugan da ke cikin jini ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Irin ciwon da ya fi kama manya, jiki yana yin sinadarin amma bai wadatar ba, ko bai aiki yadda ya kamata. Irin na ƙanwarmu kuwa, jikin ya daina yin sa, saboda haka sai allura kowace rana har iyakar rayuwa.

Allurar kuma ba ta son zafi. Tsakanin digiri 2 da 8 ake so a adana wadda ba a buɗe ba, mu kuwa ba firji ba lantarki. Dabarar da ta rufa mana asiri ita ce ta tukunya cikin tukunya: a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa. Wannan ita ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Sanyinta bai kai na firji ba, amma ya raba maganin da zafin ɗaki.

Daga nan ciwon ya zama malaminta. Kafin ta gama ƙaramar sakandare ta san abin da malmalar tuwon gero ke yi wa jininta, da bambancin fura da nono zalla da wadda aka zuba wa suga. Ta san idan gumi da makyarkyata suka taso mata suga ne ya sauka, don haka dabino ba ya rabuwa da jakarta. Ta keɓe littafi guda tana rubuta sakamakon kowane gwaji. Watan azumi ya fi komai yi mata ciwo a rai, sai da liman ya zaunar da ita ya nuna mata sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya. Ranar ganin likita kuwa, tambayoyinta sun fi nasa yawa.

Wata rana Gwaggo ta ce wa Baba, "Yaya, ka bar yarinyar nan ta zauna gida, a kuma rufe maganar, kada ta rasa mijin aure." Baba ya ce, "Wadda ta iya yi wa kanta allura tun tana 'yar shekara 12, ai karatu ba zai gagare ta ba." Haka kuwa aka yi. Ta karanci likitanci a Jami'ar Maiduguri, yau tana duba marasa lafiya a yankinmu.

Tarihin likitanci ya san irinta. An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, a hannun Frederick Banting da Charles Best, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa a Janairun 1922. A wannan lokaci wani matashin likita a Landan, Robert Lawrence, wanda ciwon ya kama a 1920, ya riga ya fidda rai, ya koma Italiya yana jiran ajali. A 1923 aka kira shi gida aka yi masa allurar, ya farfaɗo, ya ba da sauran rayuwarsa ga masu wannan ciwo. Shi da marubucin nan H. G. Wells, wanda shi ma yake fama da ciwon, suka kafa ƙungiyar masu ciwon suga ta Birtaniya a 1934. Lawrence bai rasu ba sai 1968.

Amfanin irin wannan likita a wurin tambaya yake bayyana. Kafin ƙanwarmu ta rubuta magani takan ce, "Baba, akwai wuta a gida? Ina za ka ajiye allurar? Me ake dafawa da dare? Nawa ne kuɗin mota zuwa nan?" Ta san umurnin da bai dace da aljihu da tukunyar mai jinya ba a bakin ƙofar asibiti yake ƙarewa. Yankinmu kuwa yana da buƙatar haka ƙwarai. Gashuwa da kewayenta sun yi ƙaurin suna da ciwon ƙoda, masana na ta binciken musabbabinsa, mutanenmu da yawa na jigila zuwa Damaturu wankin ƙoda. Ciwon suga da hawan jini kuma su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a duniya, alhali gwajin da zai tona su da wuri ɗigon jini ne da awon hannu.

Saboda haka muke kira ga iyaye: kada ciwo ya sa a cire yaro daga makaranta, kada kuma kunya ta sa a ɓoye shi. Ɗalibanmu masu ɗauke da allura a cikin jaka, ku sani wahalar da kuke sha ilimi ce da mutanenku ke jira, ko kun zama likitoci, ko ma'aikatan jinya, ko marubutan da za su bayyana wa Inna da Gwaggo wannan ciwo da harshen da suke ji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.