Wa ya ba ka lambata?

Waɗanda suka san ni da alƙalami da ƴar na'urar ɗaukar magana za su yi mamaki in na ce musu akwai lokacin da tarho ya fi ƙarfina. Ni da nake tare magajin gari a bakin buro in yi masa tambayar da ba ya son ji, na taɓa yin kwana 3 ina juya salula a hannu, lambobi 40 rubuce a gabana, ban kira ko ɗaya ba. A Maraɗi abin ya faru, ƙarshen shekarar 2019.

A watan Agusta na wannan shekara ne Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta kuma fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi ba su bukatar in tuna musu yadda manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya a hanyar Ɗan Isa, Jibiya na nan kusa amma ta zama kamar bangon duniya. Da kasuwa ta kwanta, sai ƴan tallace-tallacen da jaridu ke rayuwa da su suka kwanta tare da ita. Matata na da ciki wata 6, mai gidan da nake haya yana bi na kuɗin wata 2, kuma ya fara gaishe ni da irin gaisuwar nan mai tsawo wadda kowa ya san abin da ke ƙarshenta.

Haka na sami kaina a wani kamfani mai sayar da kayan hasken rana: faranti guda da ake ɗorawa bisa soro, batir, ƙwan fitila 3, da wurin cika batirin salula. Babu albashi, la'ada ce kawai a kan kowane kaya da na sayar. Aka yi mana horo na kwana 2, aka ba kowa takarda da Faransanci ɗauke da abin da zai faɗa daga sallama har ban kwana, aka ce mu kira mutane, mu nemi izinin zuwa gida ko kanti mu gwada musu kayan. Na dubi takardar na yi murmushi, domin a ganina wanda ya ci bakaloriya ba zai rasa karanta layi 15 a tarho ba.

Ran nan da na zo dannawa sai hannu ya ƙi. Maƙogwaro ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, na ji zuciya tana bugawa har cikin kunne. Na ce bari in sha shayi tukuna. Na ce yanzu safiya ce, mutane na buɗe kanti. Na ce yanzu azahar ta kusa. Kafin in farga an kira magariba, kuma abin da na yi duk yinin shi ne sake kwafe lambobin a sabon littafi da kyakkyawan rubutu, kamar ɗan lakkwal da ke jiran mushe ya ba shi goma bisa goma. A rana ta huɗu na daure na kira wani Alhaji mai sayar da yadi. Ya ɗauka, na zuba masa bonjur mushe da sunan kamfani da amfanin hasken rana a numfashi guda. Ya bar ni har na ƙare, sa'annan ya ce: "Yaro, wa ya ba ka lambata?" Na rasa ta cewa. Ya ce: "Ɗan wane gida ne kai?" Na sake maimaita sunan kamfani. Sai na ji ƙit, ya kashe.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Na daɗe ina zaton tsoro ne ke damuna, ashe kunya ce, kuma ba kunyar kirki ba. A can ƙasan zuciyata talla aikin ƴan mata ne masu ɗaukar tire a ka, ni kuwa na yi lise, na iya Faransanci, an saba ganin sunana a buge a takarda. In na kira mutum domin tambayar jarida, ina jin ni ne a sama, shi ke kare kansa. In na kira shi domin in sayar masa da fitila, sai in ji kamar na miƙa ƙoƙon bara. Ban ce duk wanda ya yi boko haka yake ba, amma na san da yawa daga cikin abokaina ma'aikata za su gane wannan ciwo, mu da muka fi son a gan mu da fayil a hamata ko da aljihu wayam ne.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillalin shanu ne tun kafin a haife ni, bai taɓa zama a benci ba. Na kai masa kukana wata Juma'a da yamma, yana zaune bisa buzu yana jan casbi. Ya saurara, ya yi dariya har ya share ƙwalla, ya ce: "Mushe," (haka yake kirana in zai yi mini ba'a) "roƙo aka aike ka ko ciniki?" Na ce ciniki, Kawu. Ya ce: "To mai roƙo hannu wofi yake zuwa. Kai da haske ka zo. In mai saye ya taya sa a kara, mai sa ya ce albarka, ka taɓa ganin wanda ya tafi gida ya kwanta ciwo? An taya, ba a sallama ba, gobe ma kasuwa ce." Da na karanta masa takardar kamfani ina fassarawa, sai ya ɗaga hannu: "Tsaya. Ina gaisuwar?" Na ce ga ta nan, kalma biyu. Ya ce: "Wannan ba gaisuwa ba ce, ƙwanƙwasa ƙofa ce irin ta mai bin bashi."

Ya ba ni lambobin mutum 5 daga cikin abokan hulɗarsa, ya ce in fara da sunansa kafin nawa. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Washegari na ajiye takardar Faransanci a aljihun teburi, na kira na farko da sallama, na tambayi kwana da iyali da kasuwa da sanyi, na ce ɗan ƴar'uwar wane ne, shi ya ce in gaishe ka. Muryar mutumin ta sake nan take, tawa ma ta sake. A cikin wannan minti guda na gaisuwa, wanda mai horonmu ke kira ɓata lokaci, numfashina ya daidaita, kuma na ji daga amsarsa ko yana cikin hayaniyar kanti ne ko yana zaune a natse. Bai saya ba, amma ya ce in zo ranar Laraba.

Sauran na koye shi da kaɗan-kaɗan. Ba a kiran ɗan kasuwa da sassafe kafin ya yi cinikin fari, ba a kiransa dab da sallah. Ma'aikacin gwamnati kuwa tsakiyar wata ba ya jin kira, sai albashi ya sauka, kuma sau da yawa shi ya fi son a fara da Faransanci a gangaro Hausa in an zo maganar biya kashi-kashi. Matar aure ba na kiranta sai na tambayi lokacin da maigida yake nan, ko in nemi lambarsa. Kuɗi ma sai da na koyi faɗarsu. Da can in an zo farashi muryata takan shige ciki, in faɗe shi da Faransanci da sauri kamar mai neman gafara. Na zauna a ɗaki na yi ta maimaitawa da ƙarfi, jika kaza a hannu, dala 70 kowace rana, har matata ta leƙo ta ce ko na fara tallar goro ne. Na kuma lura in ina tsaye nake kira maganata ta fi fita, don haka na daina zama.

To amma kiran da ya fi kowane nauyi bai zo ba sai a watan Janairu 2020, kuma ni na jawo wa kaina shi.

Wani babban Alhaji a unguwar Zariya, mai gidaje da dama a gari da ƙauye, ya yarda zai ɗauki kaya 6 a tashi guda domin gidajen ƴan'uwansa da ke wajen Madarunfa. La'adar wannan ciniki kaɗai ta isa ta biya hayar da ake bi na, har a sami na ragon suna. Muna dab da rufe magana a tarho sai ya ce: "Yana ɗaukar firigo ko?" Na san ba ya ɗauka. Ƙaramin faranti ne, an yi shi domin fitila da salula da rediyo, in aka haɗa masa firigo batirin ba zai kai ko'ina ba. Amma tsohuwar fargabar nan ta taso, ta jin kalmar a'a, sai na ji bakina ya ce: "Yana ɗauka, Alhaji." Ya ce madalla, a kawo jibi.

Daren nan ban runtsa ba. Mutane na zaton illar fargaba ita ce ta hana ka magana. Ni na ga wadda ta fi wannan muni: tana sa ka amsa da "i" domin kawai a rabu lafiya. Na yi ta lissafi a duhu, hayar gida a gefe guda, a ɗaya gefen kuma wata tsohuwa a ƙauye da za a kai wa firigo ya ƙi sanyi, da sunan Kawu wanda da shi na shiga wannan gida. Maraɗi kuwa, duk girmanta, magana ba ta kwana a wuri guda.

Da hantsi na tsaya a tsakar gida na danna lambar. Sau biyu ina kashewa kafin ta shiga. A na uku ya ɗauka, muka gaisa, na ce: "Alhaji, jiya na faɗa maka abin da ba haka yake ba. Kayan nan ba ya ɗaukar firigo. Fitila 3 ne da salula da rediyo, kuma lokacin hunturu sai ana share ƙurar farantin, in ba haka ba hasken zai rage." Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sa'annan ya ce: "Me ya sa ka ce yana ɗauka?" Na ce: "Tsoro na ji kada ka fasa." Ya ce: "To na fasa." Ya ƙara da wasu kalmomi game da yaran zamani waɗanda ba sai na kawo su nan ba, ya kashe.

Na zauna a bakin rijiya, ƙafafuna na rawa. Kaya 6 sun tafi, ragon suna kuma daga baya sai Kawu ne ya tsaya mini aka ba ni shi bashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a wannan yini na kira mutum 22, hannuna bai jiƙe ba ko sau ɗaya. Abin da nake gudu tun farko, a ƙi ni a kuma faɗa mini baƙar magana, ya riga ya same ni da safe, ga ni kuma a tsaye, rana ba ta faɗo ba. Mutum 2 suka ce in zo in gwada musu. Da cutar korona ta shigo ƙasar a watan Maris 2020, zirga-zirga ta ragu, kusan duk cinikin ya koma tarho, ni kuwa lokacin na riga na saba. Ban zama gwani ba, akwai wata yarinya a cikinmu da ba ta wuce aji 3 na kwaleji ba, tana sayar da ninkin abin da nake sayarwa, domin ita tun tana ƙarama take tallar ƙosan mahaifiyarta kuma ba ta taɓa ɗaukar "ba na so" a matsayin zagi ba. Na bar aikin a 2021 na koma ga alƙalamina ɗungurungum.

A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da layin da ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Gari ya yi duhu, salulata ta dinga ƙara da lambobin da na manta da su, kowa na neman faranti. Wata rana da dare sai ga wata murya da na gane tun kafin ta gama sallama. Alhajin Zariya ne. Bai tambayi kaya 6 ba, bai kuma tuna mini da komai ba. Cewa ya yi wani ya kawo masa babban faranti da batir 2, ya ce za su ɗauki firigo da fanka, yana so in zo in duba kafin ya biya.

Na ce: "Alhaji, ai na bar wannan aiki shekara 2 ke nan."

Ya ce: "Na sani. Gobe bayan la'asar ina gida."