Umar Mukhtar da maganar da na yaɗa a kansa

Na daɗe ina da wata magana da nake ji da ita. Duk taron matasan da aka miƙa mini lasifika sai na ce Umar Mukhtar na Libiya ya ajiye allo ya ɗauki bindiga, shi ya sa duniya ta san da zamansa. A yi ta tafi, ni kuwa kaina ya ƙara kumbura. Manufata ba a ɓoye take ba: malaman zaure da ke kan buzu suna biya wa yara karatu ba su tsinana wa al'umma komai. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma daga bakina ta fita.

Iyakar abin da na sani game da mutumin shi ne fim ɗin nan na Mustapha Akkad, wanda Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon. Dawakai da tankokin yaƙi ne suka zauna mini a kai. Abin kunyar ma, fim ɗin da kansa ya nuna shi tun farko yana karantar da yara, amma idona bai tsaya nan ba.

Mahaifin wani ɗalibina ne ya farkar da ni. Yaron ya daina zuwa makarantar dare, da aka matsa masa sai ya kafa hujja da ni. Dattijon ya same ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, shi wannan bawan Allah da kake ba su labarinsa, shekararsa nawa da Turawa suka zo? Kafin nan me yake yi?" Na rasa ta cewa. Na ba shi haƙuri, washegari na janye maganar a gaban aji. Yaron ya koma karatu bayan an sha fama, amma waɗanda suka tafa mini a wurare daban-daban ban san inda zan same su ba.

Lokacin da Italiya ta afka wa Libiya a watan Oktoban 1911, Umar Mukhtar yana wajen shekara hamsin. Maraya ne daga yankin Barƙa a gabashin ƙasar, ya yi shekara takwas yana karatu a Jagbub, cibiyar ɗarikar Sanusiyya. Ya riƙe zawiyar Ain Galaka a arewacin Chadi a zamanin da Faransawa ke kutsowa yankin, ya kuma shugabanci zawiyar Ƙusur a tsaunukan Jabal Akhdar. Zawiyar Sanusiyya kuwa makaranta ce da masallaci da masaukin fatake, tana da gonakinta, kuma a nan ake sasanta ƙabilu idan rikicin rijiya ko na jini ya taso. Wannan aiki ya cinye ƙuruciyarsa da ƙarfinsa.

Tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba ita ce: wa ke ciyar da mayaƙan da Umar Mukhtar ya jagoranta? Ba su da yawa, ba su da jirgin sama, ba su da baitulmali, amma sun yi shekara ashirin suna hana wata ƙasar Turai sakat. Ƙabilun makiyaya ne ke ba su zakka da ushiri, da hatsi da dabbobi da labarin motsin sojoji, har da waɗanda da rana suke nuna sun yi wa Italiya mubaya'a. Makiyayi ba ya miƙa raƙuminsa da ɗansa ga wanda bai sani ba. Sun miƙa wa wanda ya koya musu Fatiha, ya raba musu gardama ba tare da son kai ba.

Janar Rodolfo Graziani na Italiya ya gane abin da ni ban gane ba. Da ya karɓi ragamar yaƙin a 1930, zawiyoyin ya rufe, ya ƙwace dukiyarsu, aka kwashe shehunansu zuwa tsibirin Ustika. Aka kora mutane kimanin dubu ɗari zuwa sansanonin Suluk da Magrun da Agila, inda yunwa da cuta suka kashe dubun dubata. Aka ja wayar ƙarfe mai ƙaya ta fiye da kilomita 250 a kan iyakar Masar don toshe hanyar abinci da makamai. Sai da ya raba malamin da almajiransa sannan ya iya da shi.

An kama Umar Mukhtar ranar 11 ga Satumba 1931 kusa da Sulunta, bayan an harbe dokinsa. Aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka a Bengazi, aka rataye shi a Suluk ranar 16 ga watan, a gaban dubban mutanen da aka tilasta wa tsayawa su kalla. Ya kai shekara saba'in ko ya haura. Allah ya jiƙansa.