Ba a Ambaci Abuja Ba

Alhamis, 18 ga Agusta, 2022

Ejan ya kira bayan azahar, ina shago. "Hajiya, kin ji? Mutanenki, kamfanin jirgin Dubai, za su tsaya." Daga 1 ga Satumba, duk jiragensu na Najeriya, na Legas da na Abuja. Kuɗin tikitin da suka sayar da naira sun kasa mayar da su dala su fitar. Dala miliyan 85, in ji wasiƙar da suka aika wa minista Hadi Sirika.

Tikitina na tsakiyar Satumba ne. Abaya ta kusa ƙarewa a kanta, turare ma haka.

Na ce masa kada ya taɓa komai tukuna.

Juma'a, 19 ga Agusta

Barci rabi da rabi. Bayan asuba na buɗe manhajarsu a waya. Komai na nan yadda yake: sunana, launin gwal, makina. Ko kalma ɗaya babu game da mu.

Maki iri biyu ne, kuma na biyun ne ke damuna. Na farko shi ake kashewa, a karɓi tikiti ko a koma kujerar gaba, yana kai shekara uku kafin ya mutu. Na biyu ba a sayen komai da shi, matsayi kawai yake riƙewa. Gwal na son maki 50,000 cikin shekara. Lissafina zai rufe a Disamba. Abin da ya rage ba yawa, tafiye-tafiyen kayan bikin ƙarshen shekara za su cike shi, kamar kowace shekara. Da wane jirgin yanzu?

Lahadi, 21 ga Agusta

Maigidana Alhaji ya ce kati ne kawai, in bar shi ya tafi. Ban yi musu ba. Amma shi bai taɓa tsayawa gaban sikeli da kaya ba.

Abin da katin ke ba ni: akwati na uku, kilo 23, kyauta. Layin awo na gaba, ba cunkoso. Falon hutawa a Dubai, wurin alwala mai tsabta, abinci, kujerar miƙe ƙafa. Falon daɗi ne kawai. Akwatin nan na uku kuwa riba ce, a cikinsa nake zuba mayafai da ƙananan turaruka da ba na son su bi kago su yi makonni.

Sai kuma wanda ba a rubuta a kati ba: daga gida zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, daga nan awa bakwai da ɗan wani abu, sai Dubai. Ba sauka ko'ina. Washegari ina Deira ina ciniki.

Talata, 23 ga Agusta

Zone 4. Dala na neman 700 a hannun 'yan canji, a banki kuma ɗari huɗu da 'yan kai ga wanda ya samu. Na tsaya ina kallon yaron da ke ƙirga mini, sai na ji haushin kamfanin ya ragu. Ni ma da dala nake saye, da naira nake sayarwa. Na san ciwon nan. Su da dala suke biyan mai da ma'aikata, kuɗinsu kuma na kwance a nan yana narkewa. Ƙungiyar IATA ta ce na dukkan kamfanonin waje ya kai dala miliyan 464 a watan Yuli.

Haƙƙinsu ne, a biya su. Har ga Allah haka na gani.

Laraba, 24 ga Agusta

Ruwa tun safe. Kasuwa shiru.

Juma'a, 26 ga Agusta

Da yamma labari: Babban Banki ya saki dala miliyan 265 don kamfanonin jirage. Alhamdu lillahi. Ƙungiyarmu ta WhatsApp ta cika da murna, har wata na cewa shi ke nan an gama. Na ba yaran shago kuɗin tsire.

Litinin, 29 ga Agusta

Shiru daga wajensu. Ejan ya ce kuɗin da aka saki rabawa za a yi tsakanin kamfanoni da yawa, kowa ɗan abin da ya samu. Ya ƙara da cewa kusan duk kamfanonin waje sun rufe kujeru masu araha ga mai biya da naira, sai masu tsada suka bari. To ko an mayar mini da kuɗina, ba za su sayi wani tikitin ba. Rabi, wataƙila.

"Mu jira Laraba, Hajiya."

Alhamis, 1 ga Satumba

Za su dawo ranar 11 ga wata. Legas.

Na karanta sanarwar, na sake karantawa daga sama. Legas kawai. Ba a ambaci Abuja ba, ko da cewa nan gaba.

Ban iya cin abincin dare ba.

Asabar, 3 ga Satumba

Waya da Yaya, doguwa. Ita ba ta taɓa riƙe katin kowa ba, shekarunta nawa tana kawo kaya Kantin Kwari. Ta ce, "Ke dai kin ɗaure kanki. Mu a Kano mun ga tafiyar KLM a 2012, bayan tun zamanin iyayenmu suke sauka. Wanda ya ba ni kilo da sauƙin kuɗi ranar da zan tashi, shi ne nawa."

Ta ce in zo in tashi ta Kano, Qatar Airways sun fara sauka can tun Maris. Na tuna mata su ma suna zuwa Abuja. Ta yi dariya, ta ce to me nake jira.

Me nake jira? Shekarun da na yi ina ƙin tikiti mai araha don in tara a wuri ɗaya. Ba a banza na yi ba, na ci moriyarsa. Amma tara makin nan adashi ne da uwar adashi kaɗai ke da ikon faɗin ranar kwasa, kuma tana iya tashi daga unguwa ba ta yi sallama ba.

Talata, 6 ga Satumba

Na rubuta musu. Tambaya ɗaya: tunda ku kuka janye jirgi daga garina, za a tsayar da lissafin matsayina har ku dawo? Lokacin korona an yi wa kowa irin wannan sassauci.

Amsar na'ura ta zo nan take, an karɓi saƙona.

Alhamis, 8 ga Satumba

An mayar da tikitina ta Legas. Na Abuja zuwa Legas kuma daga aljihuna. Tun Yuli Aero da Dana ba sa tashi, kujera ta yi wuya, wadda aka samu da tsada. Ejan ya ce in tafi tun da safe, ko ma in kwana can, don in jirgin gida ya makara babu ruwan na waje, tikiti biyu ne daban.

Zan kwana wajen ƙanwar Alhaji a Agege.

Lahadi, 18 ga Satumba

Dubai. Gajiya. Zafi har cikin dare.

A Legas yarinyar da ke awo ta ga katin ta yi murmushi, ta liƙa wa akwatina takardar fifiko. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Cikin jirgi shugabar ma'aikata ta zo ta gaishe ni da sunana. Abin da ya riƙe ni ke nan duk shekarun nan, a san ka.

Kasuwar Naif cike da 'yan gida. Kowa da hanyar da ya biyo: Addis Ababa, Alƙahira, Doha. Wata ta ce ta Accra ta zagayo don tikitin can ya fi sauƙi.

Asabar, 24 ga Satumba

Na iso gida jiya da daddare. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Akwati uku sun fito da wuri a Legas, kamar kullum. Daga nan aikin katin ya ƙare. Kwastan, a buɗe, a rufe. Ɗan dako ya tura har waje. Ginin jiragen waje daban, na cikin gida daban, sai da mota. Direba ya ga kaya ya ninka kuɗi. But ɗin motar bai ɗauki uku ba, ɗaya a kujerar baya, ni a gefensa, ƙafata a matse, ga cunkoson Ikeja. A kantar jirgin gida aka ɗora su kan sikeli ɗaya bayan ɗaya. Akwati ɗaya ke cikin tikiti, shi ma ya zarce. Sauran kowane kilo da kuɗinsa. Na tsaya ina lissafi a bayan takardar shiga jirgi, mutane na jira a bayana. Abin da na biya ya cinye ribar akwati na uku, ya taɓa ta na biyu.

Sannan jinkiri, daga la'asar har bayan isha'i. Kwalbar turare ɗaya ta fashe a hanya, mayafai shida sun sha.

Makin tafiyar ya shiga yau da safe. Saura kaɗan gwal ya tsaya.

Laraba, 28 ga Satumba

Amsa ta zo. Ladabi sosai. Suna godiya da amanata, suna fatan dawowa Abuja, ƙa'idojin matsayi na nan yadda suke. Tambayata ba a taɓa ta ba.

Ba na cewa sun cuce ni. A takardar da na amince da ita ranar rajista babu alkawarin jirgi zai ci gaba da sauka a garina. Amma amana da suke ta ambata, ni na ɗauke ta da gaske. In ana ƙirga mini watanni, ya kamata a cire watannin da babu jirgi a ƙofata.

Asabar, 1 ga Oktoba

Hutu. Na zauna da 'yata Ummi ta nuna mini a kwamfuta. Ethiopian Airlines da EgyptAir ƙungiya ɗaya suke, Star Alliance, wanda ya tara a ɗaya yana cin moriya a ɗayan, har da Turkish Airlines. Qatar Airways na wata ƙungiyar, oneworld. Nawa ba ya cikin ko ɗaya daga manyan ƙungiyoyin. Shi ya sa katin ba ya buɗe mini komai a Abuja yanzu.

Ummi ta ce, "Umma, wasu kamfanonin in kin nuna musu katin gwal na wani, sukan ba ki irinsa na ɗan lokaci don ki koma wajensu." Na ce ta bincika.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ruwa ya cinye hanya a Lokoja, tankoki sun maƙale, layin mai ko'ina a gari. Yaron shago bai iso ba sai sha ɗaya. Ba zancen jirgi yau.

Laraba, 12 ga Oktoba

Lissafi a bayan littafin bashi. In sake bi ta Legas a Nuwamba: gwal ya tsaya shekara guda, amma kuɗin jirgin gida, kuɗin kilo, kwana, wahala. In bi ta Addis ko Doha daga nan: akwati biyu kacal, jiran sauyin jirgi, amma kayana daga Dubai har Abuja ba mai sauke su, Alhaji na jira a waje da mota.

A takarda na biyun ya fi. Zuciya kuma na cewa tafiya ɗaya ce ta rage, kada a zubar. In sun dawo Abuja a Janairu fa, ni kuma na sauko azurfa?

Na yi istihara.

Asabar, 22 ga Oktoba

Ejan da sassafe, muryarsa ba daɗi. Bizar Dubai ta tsaya ga masu fasfo ɗin Najeriya, waɗanda ya tura duk an dawo da su. Ba a faɗi ranar buɗewa ba.

To. Ana maganar jirgi, ga ƙofar garin ma.

Na kira mai shagon da nake saye a Naif. Ya ce in zaɓa ta bidiyo, ya haɗa ya ba kago. Yadi ba a saye sai an taɓa. Amma Disamba na tafe.

Laraba, 26 ga Oktoba

Babban Banki zai sauya fasalin 200, 500 da 1,000. Kafin magariba an ce dala ta fara tashi a Zone 4. Kai ya yi nauyi.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Yaya ta ce wasu 'yan Kwari sun juya Alƙahira da Istanbul. Abayar Masar na tafiya a Kano, ta ce, in gwada. Ban san kasuwar ba, ban san kowa can ba. Ta ce za ta haɗa ni da wadda ta sani.

Na ji ɗan ƙarfi yau. Na share shago da kaina, na sake jera kanta don kada giɓin ya fito.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Jiragen kamfanin nawa sun sake tsayawa. Har Legas, tun 29 ga Oktoba. Dalilin dai shi ne na farko, kuɗinsu ba su fita ba. Wannan karon babu rana.

Ban yi kuka ba, ban ma yi mamaki ba. Na buɗe manhaja. Gwal har ƙarshen Disamba. Makin kashewa na nan, mafi tsufansu za su mutu baɗi a watan haihuwata. Ƙara musu kwana da kuɗi ne, ba wa wani ma da kuɗi. Ummi ta ce a ajiye, ko Umara ta kama ta wata ƙasa.

Dala ta haura 800.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Ummi ta yi mini rajista da ɗaya daga kamfanonin Star Alliance. Matakin ƙasa, maki sifili. Batun ba ni gwal saboda tsohon katina, ta aika, ba amsa tukuna.

Ejan na neman bizar Masar. In ta fito, Alƙahira ranar 20 ga wata, daga Abuja, akwati biyu.